BATIRIN MOTA: KWANAKINSA DA YADDA A KE SAKE SHI

Kai mai karatu, ko kai direba ne, ko yaron mota, ko kuwa Allah ya hore maka ka sayi taka ta kanka, akwai wani ɗan akwati cikin mota wanda ya kamata ka san halinsa sarai. Sunansa batir. Ba ya motsi, ba ya ƙara, ba ya shan mai, sabo da haka mutane ba su cika kula da shi ba. Amma ran da ya ƙi aiki, sai ka ga mota ta kafe wuri ɗaya, ko da tankinta cike ya ke da mai, ƙafafunta kuma sababbi. In a tasha abin ya same ka, da sauƙi, ba ka rasa masu turi ba. In kuwa a daji ne, da dare, ga mara lafiya za a kai asibiti, to, ka san magana ta girma.

Ka kan ji mutum ya ce, "Jiya lafiya lau na kashe motata, yau da safe batir ya mutu." Ba haka abin ya ke ba. Batir ba ya mutuwa dare ɗaya. Ya daɗe yana ciwo, mai shi ne bai lura ba. Don haka bari mu fara da duba abin da ke cikinsa, gama wanda ya san wannan ba ya bukatar a yi ta yi masa dogon gargaɗi.

ABIN DA KE CIKIN AKWATIN

An raba cikin batir ɗaki shida. A ko wane ɗaki akwai farantai na darma a jere, a tsaitsaye, an sa wani abu mai kama da takarda tsakaninsu don kada su taɓa juna. Farantan iri biyu ne, waɗansu ruwan toka, waɗansu ruwan ƙasa mai duhu. Duk suna nutse cikin wani ruwa mai tsananin tsami, shi mu ke kira ruwan batir. Wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyin ruwan nan asid ne, irin wanda a ke yi da farar wuta, sauran kuwa ruwa ne tsantsa. Asid ɗin yana cin tufa, yana ƙona fata, in ya shiga ido ya kan makantar da mutum.

Ko wane ɗaki yana ba da lantarki mai ƙarfin volt 2 da ɗan ɗori. Volt shi ne ma'aunin ƙarfin turin lantarki. An samo kalmar daga sunan wani masani mutumin Italiya, Alessandro Volta, wanda ya fara haɗa batir a shekara ta 1800. Ɗaki shida, ko wanne volt biyu, ka ga 12 ke nan, shi ya sa ka ke ganin an rubuta 12V a jikin akwatin. Manyan motocin ɗaukar kaya su kan haɗa batir biyu, su sami volt 24.

Irin wannan batir na darma da asid, wani Bafaranshe ne ya ƙago shi a 1859, sunansa Gaston Planté, tun kafin a yi mota mai shan fetur. A 1881 wani ɗan ƙasarsu, Camille Faure, ya gano dabarar shafa wa farantan ƙullin darma, abin da ya sa aka iya yin batir da yawa, da araha. Motocin farko da hannu a ke tā da su: mutum ya tsaya a gaba, ya zura wani lanƙwasasshen ƙarfe cikin inji, ya yi ta murzawa. In inji ya buga baya, ƙarfen ya kan karya wa mutum hannu. A 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai tā da kanta da lantarki, bisa dabarar wani injiniya mai suna Charles Kettering. Tun daga ran nan wahalar da hannun mutum ke sha ta koma kan batir.

Ba ƙaramar wahala ba ce kuwa. Yawan lantarkin da ke gudana cikin waya da amfa a ke auna shi. Ƙwan babbar fitilar mota guda ɗaya ya kan ja wajen amfa 5. Amma sitata, watau ɗan injin nan da ke juya babban inji sa'ad da ka murza makulli, wanda makanikai ke kira kik, ya kan ja fiye da amfa 100, wani lokaci har 200 ko fiye. Aikin 'yan daƙiƙoƙi ne, amma mai tsanani.

Ka ɗauki batir kamar rumbu. Rumbu ba ya noma, ajiya ya ke yi. Manomin shi ne altaneta, wani ɗan inji wanda bel ke juyawa muddin babban inji yana aiki. Shi ke ba fitilu da sauran kaya wuta sa'ad da a ke tafiya, shi ne kuma ke mayar wa batir abin da aka ɗiba. Sa'ad da a ke ɗibar wuta daga batir, asid ya kan bar ruwan ya shiga farantai, ya zama wani farin gishiri a jikinsu, ruwan kuma ya yi lami. Sa'ad da altaneta ya tura wuta ciki, sai gishirin nan ya narke, asid ya koma cikin ruwa, farantai su koma yadda su ke. Wannan shi ne caji. Sai dai ko wace ɗiba da mayarwa ta kan sa ɗan ƙullin darmar ya marmashe ya faɗa gindin akwati, ba shi kuwa komawa. Ka ga ashe ko an kula da batir kamar ɗan fari, tilas wata rana ya tsufa.

SHEKARA NAWA YA KAN YI?

A ƙasashe masu sanyi, irin su Ingila da Jamus, batir ya kan yi shekara uku zuwa biyar, wani ma ya zarce. A ƙasashe masu zafi kuwa, shekara biyu zuwa uku ne kwanakin yawancinsu. In ka ji haka watakila ka yi mamaki, don ka saba ganin da sanyin safiya mota ta ke ƙin tashi, har ka ɗauka sanyi ne abokin gaban batir. A'a, zafi ne. Masu yin batir suna da wani ƙiyasi: ko wane ƙarin zafi na kamar digiri 10 bisa digiri 25 na ma'aunin Selsiyus ya kan rage rabin kwanakin batirin darma, in ya dawwama cikin zafin. To, duba Sakkwato, ko Maiduguri, ko Yamai a watan Afrilu, inda zafin rana ya kan wuce digiri 40 a inuwa. Ƙarƙashin murfin inji kuwa, kusa da ƙarfe mai tururi, ya fi haka nesa ba kusa ba.

Zafi ɓarna biyu ya ke yi. Yana ƙafar da ruwan batir, yana kuma hanzarta cin ragar darmar da ke riƙe da farantai, har ta rube. Amma muddin ana zafin ba ka gane kome ba, gama batir mai ɗumi ya kan ba da wuta da sauri, man inji kuma ya tsinke, inji yana juyawa ba wuya. Sai hunturu ya zo, gari ya yi sanyi da asuba, man inji ya yi kauri, aikin asid kuma ya yi nawa. A ran nan ne batirin da ya rage saura rabi zai kasa. Bazara ce ta yi kisa, hunturu shaida kawai ya bayar. Don haka mai hankali, in batirinsa ya haura shekara biyu, ya kan kai a gwada shi da kaka, tun sanyi bai sauka ba. In kuma ya sami inuwa, ba ya ajiye motarsa a rana.

Abu na biyu da ke kashe batir ƙishirwa ce. Batir iri biyu ne a kasuwa: akwai mai marufai shida a bisa, waɗanda a ke kwancewa, akwai kuma rufaffe wanda ba a buɗewa. In naka mai marufai ne, riƙa leƙawa ko wane wata, a lokacin zafi ma fiye da haka. Lalle ruwa ya rufe kan farantai, ya ɗara su da kamar faɗin yatsa. Farantin da ya fito fili ya sha iska ya lalace ke nan. Amma ka lura da wannan da kyau: abin da ke ƙafewa ruwa ne kaɗai, asid yana nan bai je ko ina ba. Sabo da haka ruwa za ka ƙara, ba asid ba. In ka ƙara asid, tsamin ya wuce kima, sai ya cinye farantai. Ruwan kuwa ba na rijiya ba, ba na famfo ba, don waɗannan suna ɗauke da gishiri da ƙarfe da ido ba ya gani. Sai tataccen ruwan nan da a ke dafawa a tara tururinsa, ana sayar da shi a kwalba wurin masu kayan mota. Kada kuma ka cika ɗaki har baki, gama in ya yi zafi zai tumbatsa ya ci ƙarfen motar.

Na uku yunwa ce, ita ce kuwa ta fi kama motocin cikin gari. Ka tuna da farin gishirin nan da ke taruwa a farantai sa'ad da aka ɗebi wuta. In aka yi caji da wuri, narkewa ya ke yi. In aka bar shi kwana da kwanaki, sai ya daskare ya yi tauri, caji ba ya narkar da shi kuma, wurin da ya rufe ya mutu. Wanda ke tā da mota sau goma a yini, ko wace tafiya ba ta wuce minti biyar ba, yana ɗiba daga rumbu fiye da abin da a ke zubawa. Haka wanda ya ajiye mota wata guda bai tā da ita ba, don batir yana zubar da wutarsa a hankali ko ba a taɓa shi ba, motocin zamani kuma suna da na'urori da ke ɗan tsotsa dare da rana. Maganin wannan shi ne tafiya mai ɗan nisa, ta rabin awa ko fiye, ko da sau ɗaya a mako. In za ka yi doguwar tafiya ka bar motar, cire wayar kan batir wadda ke haɗe da jikin mota, nan gaba za mu nuna maka ita.

A nan ya kamata mu taɓa wata al'ada. A kan cire batirin mota a kai gida a kunna fitila ko talabijin, ko a kai wurin biki a haɗa lasifika, a tsotse shi ƙaf, sa'an nan a mai da shi mota. Ba don irin wannan aiki aka gina shi ba. Farantansa sirara ne, masu yawa, don su ba da wuta mai ƙarfi farat ɗaya, a mayar musu nan da nan. Batirin da a ke haɗawa da farantin hasken rana a gida kauraran farantai gare shi, shi ke jimre tsotsa mai tsawo. Na mota in aka zazzage shi sarai sau da yawa, ba ya komawa daidai. Dokin sukuwa ne, ba jakin kaya ba.

Saura girgiza. Batirin da ba a ɗaure shi ba ya kan yi ta tsalle a kan hanya mai gargada, ƙullin darma ya yi ta zuba, in ya taru a gindi har ya taɓo farantai, ɗakin ya mutu. Igiya ko tsumma ba ɗauri ba ne. A nemi ƙarfen da aka yi dominsa.

YADDA ZA KA GANE YA GAJI

Kunnenka ne zai fara gaya maka. Inji da ya saba tashi da murza ɗaya, sai ka ji yana juyawa da ƙyar, kamar mai nishi. Fitilu su dushe sa'ad da ka murza makulli. In abin ya yi nisa, sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas kawai, inji bai juya ba. Idonka ma zai gani: akwati ya kumbura a gefe, ko ya tsage. In ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, batir yana tafasa ne, caji ya yi masa yawa. Kashe inji, ka nisanta wuta daga wurin.

Amma kada ka yi gaggawar sayen sabo tukuna, don sau da yawa a kan ɗora wa batir laifin da ba nasa ba. Duba kawunansa biyu. In ka ga wani gari fari ko shuɗi-shuɗi ya taru, ko wayar tana juyawa in ka murɗa da hannu, watakila wuta tana nan, hanya ce ta toshe. In waɗannan lafiya su ke, je wurin mai wayarin ya sa mita. A gwada bayan mota ta huta 'yan awoyi, inji a kashe. Batir cikakke zai nuna volt 12.6 ko kusa da haka. In ya nuna 12.2, rabi ya tafi. In ya kasa 12, kusan ba kome ciki. A yi masa caji sosai, a sake gwadawa, a kuma duba mitar sa'ad da a ke murza makulli: in ta faɗi ƙasa da volt 10, batirin ya gama aiki.

Sa'an nan a tā da inji a sake aunawa. Yanzu ya kamata mita ta hau zuwa wajen volt 14. In ta tsaya a 12 da ɗori, manomin ne ba ya noma, watau altaneta ya lalace, ko bel ya saki. Jar fitilar nan mai siffar batir da ke gaban direba, in ta kama ana cikin tafiya, abin da ta ke faɗi ke nan. Wanda ya sa sabon batir a irin wannan mota, kwana kaɗan zai koma wurin mai shago yana faɗa, alhali kuwa mai shago ba shi da laifi.

Waɗansu makanikai su kan gwada altaneta ta hanyar zare kan batir inji yana aiki, su ga ko zai mutu. Kada ka yarda a yi wa motarka haka. Batir ne ke danne ƙarfin wutar altaneta. In aka zare shi, wutar ta kan yi tsalle, ta ƙona kwamfutar motar, wadda kuɗinta ya ninka na batir.

SAYEN SABO

Tafi da tsohon, ko ka kwafi abin da aka rubuta a jikinsa. Bayan 12V za ka ga wata lamba da haruffa Ah a gabanta, misali 45Ah, ko 60Ah, ko 75Ah. Wannan girman rumbun ke nan. Sayi daidai da wanda masu motar su ka rubuta cikin littafinta. Wanda ya ɗan ɗara ba laifi in ya shiga mazauninsa, amma wanda ya kasa zai sha wuya ya mutu da wuri. Duba kuma wajen da kawunan su ke, don wani batir mai alamar + tasa tana dama, wani tana hagu, wayoyin mota kuwa ba su da tsawon da za su tsallaka.

Tambayi ranar da aka yi shi. Batir yana fara tsufa tun yana kan kanta. Masu yi su kan buga wata da shekara a murfi ko a gefe, ko da ya ke ko wane kamfani da irin tasa alama. Wanda ya wuce wata shida a ajiye, bar shi. A sa masa mita a gabanka, ka karɓi takardar lamuni, ka rubuta ranar saye a jikinsa da fenti. Batir na hannu kuwa, a ganinmu, araha ce mai tsada: ba ka san bazara nawa ya sha ba, wankin akwati kuma ba ya mai da darmar da ta zube.

Motocin nan na zamani da ke kashe injinsu da kansu in an tsaya, su tashi in an saki birki, batir na musamman su ke so, za ka ga an rubuta AGM ko EFB a jikinsa. Kada a sa musu na kullum.

CIRE TSOHO DA SA SABO

Tsai da mota a fili mai iska, ka ja birkin hannu, ka kashe inji da fitilu, ka zare makulli ka sa aljihu, don waɗansu motoci su kan kulle ƙofofinsu sa'ad da aka mayar da wuta. Tuɓe babbar riga. Cire zobe da agogon ƙarfe. In kana da tabarau, sa. Kada kowa ya sha taba ko ya ƙyasta ashana kusa, in da dare ne kuwa a haska da tocila, ba fitilar kananzir ba, gama batir yana fitar da wata iska da a ke kira haidirojin, ba ta da launi, ba ta da wari, tartsatsi ɗaya ya isa ya sa ta fashe. Yawancin motoci batirinsu yana ƙarƙashin murfin inji, amma na waɗansu yana cikin but, na tsohuwar Volkswagen Beetle kuwa yana ƙarƙashin kujerar baya.

Yanzu dubi kawunan nan biyu. Ɗaya yana da alamar +, ya fi kauri, sau da yawa da jan murfi ko jar waya. Ɗayan yana da alamar −, ya fi siranta, wayarsa baƙa ce, in ka bi ta da ido za ka ga an ɗaure ta a jikin motar. Wannan baƙar ita za ka fara cirewa, ita ce kuma za ka mayar daga ƙarshe. In ka manta da duk abin da ke cikin littafin nan, kada ka manta da wannan.

Ga dalili. Duk ƙarfen mota, da inji da gangar jiki, a haɗe su ke da kan nan mai −. Ka ce ka fara da mai +, baƙar waya tana nan a ɗaure. Kana murza noti, sai gindin sifana ya taɓa ƙarfen mota. Nan take ka haɗa kawunan batir biyu da ƙarfe tsantsa, wuta ta ɗaruruwan amfa ta bi ta cikin sifana. Sai tartsatsi, sifana ta yi ja, ta manne. In da zobe a yatsanka, ya ƙone ka har ƙashi. In kuwa iskar nan ta taru, batir ya fashe, asid ya watsu a fuska. Amma in da baƙar ka fara, ko sifana ta taɓa jikin mota ba abin da zai faru, don dā ma a haɗe su ke. Da ka cire ta kuwa, hanya ta yanke, mai + ya zama ba shi da haɗari ga jikin motar. Waɗansu tsofaffin motocin Ingila, na kafin ƙarshen shekarun 1960, mai + ne a ke ɗaure wa jikinsu. In irinsu ta faɗo hannunka, dokar dai ɗaya ce: fara da wadda ke haɗe da jiki.

To, sassauta notin baƙar waya, yawanci da sifana mai lamba 10, ka murɗa ta a hankali ta fita. In ta ƙi, kada ka buga da guduma, gama darma taushi gare ta, kan zai karye daga ciki. Kawar da wayar gefe yadda ba za ta dawo ta taɓa kan ba. Sa'an nan cire mai +. Kwance ƙarfen ɗauri. Ɗaga batir a miƙe, da hannu biyu, kada ka karkata shi, kada kuma ka jingina shi da ƙirjinka. Ya fi yadda ido ke gani nauyi, na ƙaramar mota ya kan kai kilo 12 zuwa 20. Kada ka ɗora sifana ko wani ƙarfe a kansa, ko da ka ce ya mutu.

Kafin ka sa sabo, gyara masa wuri. Matan gida sun san kanwa ke kashe tsami, to, haka ta ke kashe asid. Jiƙa 'yar kanwa a ruwa, ka wanke mazaunin batir da bakin wayoyin nan biyu. Za ka ga yana kumfa. In kumfa ta daina, ɗauraye da ruwa, ka bari ya bushe, ka goge cikin bakin wayoyin da samfefa har su yi ƙyalli. Amma ko ɗigo na ruwan kanwa kada ya shiga cikin batir, don zai kashe asid ɗin da ke yi maka aiki.

Zaunar da sabon yadda tsohon ya zauna, ka ɗaure shi da ƙarfensa har ya daina motsi. Tsaya ka sake duban alamun, + wajen jar waya, − wajen baƙa. Kada ka dogara da launi kaɗai, wani makanikin ya kan sake waya da irin wadda ya samu. In aka juya su, ko na ƙiftawar ido ne, altaneta da kwamfuta su kan ƙone. Yanzu sa mai + tukuna, ka ɗaure. Sa'an nan baƙar. Ɗan tartsatsi kaɗan sa'ad da ta taɓa ba kome ba ne. Ɗaure har wayar ta ƙi juyawa da hannu, amma ba da ƙarfin tsiya ba. Bayan ka ɗaure, shafa ɗan baslin ko girisi a kai, don kada garin nan ya sake taruwa. In batirin cikin but ya ke ko ƙarƙashin kujera, akwai wata 'yar robar da ke fitar da iskarsa waje, mai da ita ramin da ta fito.

Tā da inji, a sa mita, a tabbata ta hau wajen 14. Za ka tarar agogon mota ya ɓace, ka gyara. Rediyon waɗansu motoci ya kan kulle sai an buga masa lambarsa, don haka nemi lambar tun kafin ka fara. Waɗansu kuma, kamar BMW na zamani, sai an haɗa su da na'ura an sanar da kwamfutarsu cewa an sa sabon batir, in ba haka ba za ta riƙa yi masa caji irin na tsoho. Irin waɗannan a kai wa wanda ya san su.

In asid ya taɓa fatarka, wanke da ruwa mai yawa nan da nan. In ido ne, buɗe shi a yi ta kwarara ruwa mai tsabta har minti 15 ko fiye, kada a murza, kada a ɗiga kome, sa'an nan a garzaya asibiti.

TSOHON FA?

Kada ka kai shi gida. Kada ka zubar da ruwansa a kwata ko kusa da rijiya, kada kuma ka bari a fasa shi a narka darmar a tsakar gida. Darma dafi ce, ta fi kuwa cutar ƙananan yara, don su ke wasa da ƙasa su kai hannu baki. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, abin da ta ɓata kuma ba ya gyaruwa. A Thiaroye, wata unguwa a gefen Dakar ta ƙasar Senegal, inda mutane su ka daɗe suna fasa tsofaffin batura don neman abinci, yara 18 su ka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, sabo da ƙurar darma da ta cika gidajensu. A Zamfara ma, a 2010, yara fiye da 400 su ka rasu da dafin darma. Can ba batir ba ne, duwatsun zinariya ne masu darma a ke daka a cikin gida, amma dafin ɗaya ne.

Darmar tsohon batir ba ta lalacewa, a masana'anta a kan narke ta a yi sabo da ita, shi ya sa tsohon ke da kuɗi. Mayar da shi wurin wanda ya sayar maka da sabon, da ruwansa a ciki, da marufansa a rufe, yawancinsu su kan rage maka wani abu daga kuɗin. In za ka ɗauke shi a mota, zaunar da shi a miƙe cikin kwali ko daro na roba, ka tokare shi kada ya kife. In ka gama, wanke hannunka da sabulu kafin ka ci abinci ko ka ɗauki yaro.